Abin da Ba a Faɗa a Gaban Semisi

Lesieli ta gaji da sanyi. A garin Robinvale na ƙasar Ostireliya, inda rana ke gasa mutum tun hantsi, wannan magana ce ta ban dariya, amma wanda ya taɓa aiki a ɗakin sanyi na rumbun inabi ba zai yi dariya ba. Shekara da shekaru tana can tana cusa inabi a kwali, har yatsunta suka fara ƙin lanƙwasuwa da safe. Gidan kula da tsofaffi ya ce zai ɗauke ta aiki in ta ci jarrabawar Turancin baka. Sau ɗaya ake yin ta a shekara. In ta faɗi, ita da kwalaye har baɗi.

Ba wai ba ta jin Turancin ba ne. Abin da ya sha mata kai shi ne aikatau ɗin nan nasu masu jela: a ce *take*, sai a liƙa masa *off* ko *out* ko *up*, kowace jela da inda take kai ka. Ga kuma naka da nasa da nata, sai an bi kowace gaɓa an ambaci mai ita, sai ka ce wani zai sace wa tsoho hannu. Malama Doreen, mai koyar da ajinsu na Turanci, ta sha faɗa musu cewa mai jinya ba ta cewa "hannu sama" kamar ɗan sanda. Cewa take, "ɗaga hannunka, cire rigarka, jingina bayanka." Duk Asabar Lesieli na maimaita su da 'yar ajinsu Nurul, wata 'yar Malesiya mai surutun tsiya, ɗaya ta zama tsohuwa ɗaya mai jinya, suna yi suna ƙyaƙyata dariya.

Ranar jarrabawa Nurul ba ta zo ba, 'yarta ta kwana da zazzaɓi. Mai jarrabawar, wani dogon Bature daga garin Mildura, yana kiran ɗalibai bibbiyu yana duban agogo. Aka yi ta shiga ana fita, har bencin ya rage daga Lesieli sai Semisi.

Semisi ɗan wan mahaifinta ne. A wurinmu 'yan Tonga wannan yayanta ne sak, babu wani kwana-kwana. Tsakanin mace da ɗan'uwanta namiji kuwa akwai faka'apa'apa, kunyar da aka haife mu a cikinta. Ba ya leƙa ɗakin kwananta, ba ta shanya wasu kaya inda zai gani, in fim ya fara zuwa inda bai dace ba ɗayansu zai tashi neman ruwan sha. Maganar jiki kam, ko da wasa. Shi ma takardar shaidar cin jarrabawar yake nema ido rufe, don gonar inabi ta gama da bayansa, ko takalmi ba ya iya ɗaurewa sai a zaune.

Suka shiga, suka zauna suna fuskantar juna, kowa idonsa a ƙasa.

Mai jarrabawa ya dubi Lesieli. "Ke ce mai jinya. Shi tsoho ne da ba ya iya wanka da kansa. Ki taimaka masa ya tuɓe, kina gaya masa abin da zai yi ɗaya bayan ɗaya. In kin gama ku yi musaya. Fara."

Wayyo! Jimlolin duk suna nan a bakinta, jere, kowane aikatau da jelarsa daidai, ba ta taɓa riƙe su haka ba. Amma ta ce wa Semisi ya cire riga, ya sassauta wando? Gara ƙasa ta tsage ta shige.

"Malama," ta ce da ƙyar, "don Allah a sauya mini wani."

"Haba Lesieli, ai sa'a kika yi!" in ji Malama Doreen daga bakin taga, tana murmushi da zuciya ɗaya. "Ɗan gida ne fa. Wa zai fi shi sauƙi? Mene ne matsalar?"

To ita kuma matsalar ta yaya za a faɗe ta? In ta yi bayani, ta ambaci abin ke nan a gabansa. In ta yi shiru, ta faɗi. Haushi ya turnuƙe ta, na matar nan mai kirki da ta shekara tana koyar da su ba ta taɓa lura ba, na Nurul, na yatsunta.

Semisi ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, ba za a bar kowannenmu ya yi da Malama ba?"

"Ƙa'ida ba ta yarda ba. Ɗalibi da ɗalibi ne. Malama ba ta shiga sai in mutum ɗaya tak ya rage." Ya sake duban agogo. "Wanda kuma ya fita, ya fita ke nan sai baɗi."

Sai Semisi ya dafa kujera ya miƙe a hankali, irin miƙewar mai ciwon baya.

"Yallaɓai, ni Turancina bai nuna ba tukuna. A yi haƙuri."

"Semisi, zauna mana!" Malama ta ce. "Kai da ka fi kowa a ajin nan?"

Semisi ya nufi hanyar fita. Ya ranƙwafa ya ce "tulou", wato gafara, da zai gifta ta gaban 'yar'uwarsa, kamar yadda ake yi, ya ja ƙofa.

Malama Doreen ta zama tsohon. Lesieli ta cire mata riga da fatar baki, ta ɗaga mata hannu, ta jingina mata baya, ba tuntuɓe ko ɗaya. Mai jarrabawa ya ce madalla, ta ci. Ko daɗi ba ta ji ba.

A waje ta iske Semisi cikin motarsa yana jiran ta. Ta shiga, ya tayar. Ba su kai kwanar coci ba wayarsa ta yi ƙara, muryar matarsa Tupou ta cika motar ta lasifika.

"To, yaya? An dace?"

"Lesieli ta ci."

"Kai fa?"

"Tambayoyin sun yi mini wuya."

"Wuya? Oiauē! Kai da ka hana mu barci da cire wannan ɗaga wancan? Har kare sai da ka yi wa Turanci! Yanzu da wane bayan za ka koma gona? Lesieli, kina ji na? Ke da kike ɗakin, gaya mini, me ya sami wannan mutumin?"

Lesieli ta buɗe baki. Ko godiya ba ta da halin yi masa, balle ta wanke shi, don kowace hanya sai ta bi ta kan abin da ba a faɗa. Semisi ya ƙura wa titi ido.

"Lesieli? Da ke nake!"

"Sun yi wuya," in ji Lesieli.