Layi Biyun Baba

Tun ina yarinya na san tauraron nan ya fi mu samun Baba. Ƙato ne, ja, jikinsa duk tabo, kuma ba ya zama lafiya. Iskar da ke lulluɓe da shi ba ta ganuwa, sai dai a tsaga haskensa kamar bakan gizo a duba layukan da ke ciki. Baba ya riƙe layi biyu, na sinadarin kalsiyam da na haidurojin. Aikinsa shi ne ya ƙera wannan iska a kwamfuta, hawa-hawa, ya ƙara zafi nan ya rage can, har layin da ya lissafa ya zauna a kan wanda na'urar hangen nesa ta ɗauko.

Ba su taɓa zama tare ba. In kalsiyam ya zauna, haidurojin ya tashi. Umma takan ce aikin nan guntun bargo ne, ka rufe kai ƙafa ta fito. Mu yi dariya, shi kuwa ya koma ɗakin karatu ya ja ƙofa. Haka ya yi furfura.

Ni ma taurin kai ya kai ni fannin, na gaji ofishinsa da kujerarsa mai karyayyen hannu. A lokacin mantuwa ta fara cinsa. Sunayen jikoki suka tafi, hanyar gida ta bi su. Abu ɗaya ya rage masa. Duk la'asar in na shigo sai ya ce, "Uwata, layin ya zauna?" In ce saura kaɗan, Baba.

Bana aka ba ni lokaci a sabuwar na'ura, mai ɗauko layukan biyu a tashi ɗaya. Kafin azahar lissafin ya zauna daram, duka biyun. Maimakon murna, sai na gane inda aikin Baba ya kuskure. Tsohuwar na'urar Baba layi ɗaya take ɗauka, sai an sake saita ta a ɗauki na biyun wani jiƙon. Tauraron kuwa juyawa yake. Kalsiyam ɗin Baba daga fuskar da ta fi tabo ya fito, haidurojin daga ɗaya fuskar. Rayuwarsa kaf Baba ya yi yana neman iskar da babu ita.

Na same shi a baranda, Umma na yanke masa farce.

"Kada ki gaya masa," in ji ta a hankali. "Me zai ƙara masa?"

"Haƙƙinsa ne, Umma. Shi ya fara."

Na durƙusa gabansa. Ya daɗe yana dubana, sannan ya gyara zama irin na ofis.

"Ke ɗalibar wa ce?"

Da ƙyar na ce, "Taka ce, Malam. Tauraronka nake yi."

"Madalla. To ki kiyaye abu ɗaya, yarinya. Irin waɗannan taurari ba su da fuska ɗaya. Kada ki kuskura ki haɗa layukan da ba tare aka ɗauko su ba. Shi nake fara koya wa kowa."

Umma ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da yankan farcen.

"Na ji, Malam," na ce.

"Ina da 'ya a fannin nan," ya ce yana leƙen ƙofa. "Yanzu za ta shigo. Ita za ta gaya mini ko ya zauna."