Igiyar Wajen Kai

Ranar da butar shayi ta suɓuce daga hannun Inga Drever ta fashe, ranar ce Erlend ya fara tsallaka katangar da ta raba gidajensu.

"Kai ne?" ta ce daga kan kujera. "Ka zo ganin ko na kusa bin matarka?"

"Shara na zo yi. Ɗaga ƙafa."

"Da tana ɗaguwa ai da tuni na shure ka, tsohon banza."

A shekara ɗaya likitan garin Kirkwall ya shaida wa Inga da Thora, matar Erlend, cewa ciwo ɗaya ke cin jijiyoyinsu, ciwon nan da ya yi wa tsibiran Orkney katutu. Na Thora bai taɓa lafawa ba. Daga dogara sanda sai keken guragu, sai gado, cikin shekara bakwai aka binne ta. Na Inga kuwa zuwa yake ya tafi. Ido ya dushe ya washe, ƙafa ta mutu ta farfaɗo. Shekara ashirin Erlend yana hangenta ta taga tana shanya, da sigari a baki, sigarin da likita ya ce yana ƙara wa ciwon gudu. Thora ko warinsa ba ta so. Erlend ya karance duk abin da aka rubuta kan cutar, bai ga shafin da ya yi masa bayanin wannan rabo ba.

Yanzu ciwon Inga ya zo ya zauna. Erlend ke hura mata wuta, shi ke ba ta kunu a cokali.

"Har yanzu haushina kake ji," ta ce wata safiya.

"Buɗe baki. Yana hucewa."

Ta rasu lokacin haihuwar tumaki. A bakin kabari mai shirya jana'iza ya raba igiyoyin saukar da akwatin gawa. Ta wajen kai ta makusancin mamaci ce, don haka ɗan yayarta da ya zo daga Aberdeen ya miƙa hannu.

"A'a," in ji mai shirya jana'izar. "Ta ce a ba Erlend. Wai ya fi kowa daɗewa yana jiran wannan rana."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Akwati ya sauka. Kowa ya saki igiyarsa ta faɗa kan murfi, ban da Erlend. Bai taɓa gaya mata ba cewa tun rasuwar Thora, ganin hayaƙin murhunta ne kaɗai ke tayar da shi daga gado.

Mai shebur ya yi gyaran murya. Igiyar tana nan naɗe a hannun Erlend.