Ciwon da Ba Shi da Wurin Nunawa

…kuma idan aka zo kansa, me zai nuna? Tsohon da ke gabansa a bencin ɗakin shan magani ƙafarsa ce ta kumbura, da ya ɗage wando an gama bayani. Shi fa? Attahiru, shekara goma sha shida, ɗan kwalejin horon malamai a Gusau, ba kumburi, ba zazzaɓi. Kati kawai a hannu, da rubutun Malam Bashiru mai ba da magani har sau uku: ciwon kai, ciwon kai, ciwon kai. Da bakinsa ya faɗa. Ƙwayoyin suna cikin akwati, ko ɗaya bai haɗiya ba. Kan ai lafiyarsa ƙalau.

Gobe hutu zai ƙare. Gobe motar Tsafe zuwa Gusau, sannan safiya irin waccan — a kaɗa ƙararrawa, kowa ya fice, shi yana kwance yana nazarin yadda mutum ke iya sa takalmi… Wata bakwai ke nan. Na biyu ya zo a jarrabawa, to wa zai yarda? An kai shi Kwatarkwashi ya sha rubutu, ya yi godiya. Baba ya ce karatu ne ya yi yawa. Ga kuma rijiyar bayan ɗakin kwana. Bai ƙudurta komai ba. Ya dai tsaya, guga a hannu, yana duban ƙasa, har aka sallame la'asar. Idan ya koma a haka zai sake tsayawa. Wannan kam ya sani.

Tsohon ya shiga. Saura shi.

Inna — ta ina zai gaya mata? Ɗan fari ne. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi; "wancan yaron," sai ta aiko ƙanwarsa Habiba da kwano. Kunya ce, ba ƙi ba. Kwanon kuwa yana komawa yadda ya zo… ashe tana dubawa? Jiya da hantsi tana tankaɗe, ta ba shi baya, ba kowa a tsakar gida. "Attahiru." Har ya waiga ko baƙuwa ce. Rariyar ba ta tsaya ba. "Ban san mi ke damunka ba. Ka tai ka gaya ma wanda ya sani. Kada ka ƙara ce mishi ciwon kai ne." Ta shige ɗaki, ta bar garin tuwon, kaji na ci. Shekara goma sha shida tana riƙe da sunan nan a baki.

"Na gaba!"

Warin magani. Malam Bashiru yana karɓar katin, alƙalami har ya sauka.

"Ɗan kwaleji! Kan ne ya dawo? Ku dai sai kun cinye littattafan nan."

Gyaɗa kai kawai — sau ɗaya — a ƙulle masa ƙwaya a takarda, ya fita…

"Malam… ba ciwon kai ba ne. Babu inda ke ciwo. Ni dai ban son gari ya waye."

Alƙalamin ya tsaya. Malam Bashiru yana dubansa, yana miƙewa, yana tura ƙofa, yana jawo kujera kusa da tasa.

"Zauna. Tun yaushe?"

Tun yaushe… amsar tana nan. Daga ina ake farawa? Ya zauna. Bai taɓa sanin ya gaji haka ba.