Abokin Tsaron Bilya

Bilya ɗan Wurma ne, amma a makarantar Dutsin-Ma ya fara buga tamaula, ba takalmi, a filin da ƙaya ta fi ciyawa yawa. Tun yana kiwon shanun babansa ya iya tare abin da ya sheƙo a guje, shi ya sa malamin wasa ya ajiye shi a baya. Cin ƙwallo bai dame shi ba. Daɗinsa ɗan gaba ya taho da gudu ya iske shi tsaye.

A shekarar 1959 aka kara tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, Bilya na cikin masu buga wasan. Cikin 'yan kallo akwai Malam Jibo, mutumin Kurfi mai aiki a wata masaƙa a Kaduna, wanda ke kula da ƙungiyar ƙwallonsu. Ana tashi ya bi Bilya har gida. Mahaifin ya amince, amma Gogo Turai, wadda ta raine shi, ta tsaya a bakin zaure.

"Malam, yanzu wasan yara ya zama sana'a?"

"Gogo, da safe saƙa zai yi, da la'asar ƙwallo."

Ta dubi Bilya, ta ce, "To, ka tahi. Allah shi tsare."

Kaduna ta yi masa wuya da farko. Takalmi ya sale masa diddige, ƙarar injuna ta hana shi jin maganar kowa, ga kewar furar Gogo da warin garke bayan ruwa. Wanda ya sauƙaƙa masa shi ne Ikenna, wani dogon Inyamuri haifaffen Kaduna, mai Hausa kamar ruwa. Shi ke tsaron hagu, Bilya dama. Shi ya koya masa jiƙa sabon takalmi kafin a sa, da yadda ake kallon ƙugun ɗan gaba maimakon ƙafarsa. Ba a jima ba suka daina kiran juna a fili. In Bilya ya fita tare ɗan gaba, ya san Ikenna ya rufe masa baya.

Suka buga a Zariya da Kano da Jos. Har aka fara raɗe-raɗin za a kira su biyun cikin zaɓaɓɓun Arewa. Wata ƙaramar salla Bilya ya kai shi Wurma, Gogo ta cika masa ƙwarya da nono, ta ce wannan tsawo ba ya ƙoshi da kaɗan.

Sai ga rikicin 1966. Da gari ya yamutse, Bilya ya ɓoye Ikenna da uwarsa a ɗakinsa, ya sa masa babbar riga da hula, ya raka su tashar jirgin ƙasa. Cikin turereniya Ikenna ya leƙo ta taga.

"Bilya, kar ka yarda su sa maka Rabo a hagu, ba ya juyowa da wuri! Ka jira ni."

Rabon nan, wani ɗan wasan ƙungiyarsu, shi aka sa. Rabin 'yan wasa sun tafi, ƙungiya ta yi ta tangal-tangal har ta watse. Kano ta neme shi, ya je ya buga kakar wasa ɗaya, kowa na yabo, shi kuwa kullum yana waiwayen hagunsa. Da gwiwa ta fara ciwo sai ya tattara ya dawo gida, ya kama noma, ran kasuwar Dutsin-Ma yana zuwa rumfar tela sauraron labarin yaƙin basasa a rediyo.

Wata rana Hudu, wani soja ɗan Barkiya, ya zo hutu daga bakin daga. Bilya ya hau keke ya same shi a ƙofar gida. Bayan gaisuwa ya ce, "Ko ka taɓa gamuwa da wani dogo, bahago, mai jin Hausa? Ikenna sunansa. Ɗan ƙwallo ne."

Hudu ya sunkuyar da kai. "Yaya Bilya, can babu mai buga ƙwallo."

Bilya ya yi godiya, ya tura kekensa da ƙafa har Wurma. Daga ranar duk sojan da ya dawo ƙasar Kurfi, sai ya je ya yi masa sannu da zuwa, ya sake tambaya.