Likitan da Ya Toshe Wushiryar Shizue

Ba a taɓa ganin fuskar Shizue Nabeshima a talabijin ba, amma da wuya ka sami gida mai yara da bai san muryarta ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan duk safiyar Lahadi ita ce Mochibei, toron agwagwan nan na fim ɗin zane, mai satar abincin maƙwabta ya kuma rantse iska ce ta ɗauke.

Tana 'yar shekara goma sha tara ta baro Akita zuwa Tokyo, da akwati ɗaya da wushirya mai faɗi. A makarantar koyon aikin murya malamarsu ta ba ta shawarar ta koma ta taya babanta noman shinkafa, domin duk sa'ad da ta furta harafin "s" sai wani siririn fito ya kuɓuce ta tsakanin haƙoranta. Shekara bakwai tana wanke kwanoni a gidan sayar da taliya, tana tsintar ƙananan ayyuka: hayaniyar 'yan kasuwa, kukan jariri, sau ɗaya ma atishawar doki. Ranar da aka zo gwajin muryar agwagwa, tana buɗe baki masu shirin suka kama ciki don dariya. Fiton da aka so korarta dominsa, shi ya ba ta aikin.

Wata Litinin, tana da shekara hamsin da bakwai, ta gartsa wa busasshiyar wainar shinkafa cizo, haƙorin gaba ya ɓalle. Ta garzaya wurin wani likitan haƙori a unguwarsu, mai suna Tsujimoto. Mutumin ya san aikinsa. Ya gyara haƙorin, sannan don kyautatawa ya cike wushiryar tsaf, ya miƙa mata madubi yana jiran yabo. Bakinta duk ya mutu da allura, ta rusuna ta yi godiya ta tafi.

Ran Alhamis suka hallara a ɗakin ɗaukar murya. Hoton Mochibei ya bayyana a allo, da kifin wani a baki. Shizue ta matso gaban makirfo.

"Sata? Ni? Sam-sam, iska ce ta sure shi!"

Maganar ta fito tas, kamar ta mai karanta labarai. Kuwabara, mai ba da umarni, ya cire abin sauraro daga kunnensa ya bubbuga shi a tafin hannu.

"Nabeshima-san, a sake mana, don Allah. Kamar na'urar ce."

Ta sake. Ta kuma sakewa. Hatsue, tsohuwar ƙawarta da ke yin muryar mai kifin, ta leƙo fuskarta.

"Ke, buɗe bakin nan in gani." Ta gani, ta dafe ƙirji. "Kuwabara-san, ba na'ura ba ce. Tsohuwa ce ta je aka mai da ita budurwa. Wa kike wa ado, Shizue?"

"Rufa min baki. Ke da haƙoranki ke kwana a kofi."

Kuwabara bai yi dariya ba. Suka gwada fito na na'ura, ya fito kamar butar shayi. Suka sa Hatsue ta riƙa fito daga gefe, ta kasa dacewa da lokaci. Shizue ta tsaya tana kallon agwagwan a allo yana buɗe baki yana rufewa, yana jiranta, ta ji kamar ta mance da wani nata a tasha. Ta suri jakarta ta fita.

Likita Tsujimoto na wanke hannu ta faɗo masa.

"Likita, a mayar min da ramina."

"Ciwo yake yi?"

"Lafiya lau yake. Matsalar ke nan."

"Nabeshima-san, shekara goma ina toshe ramuka, ba a taɓa zuwa an ce in haƙa ba. Wannan aiki ne da nake alfahari da shi."

Sai ta bayyana masa sana'arta. Ya dube ta sama da ƙasa: dattijuwa mai rigar sanyi ruwan toka da takalmin asibiti. Ganin bai yarda ba, ta maƙale murya ta yi masa dariyar Mochibei, wadda ba ta bukatar wushirya. Tawul ya suɓuce daga hannunsa.

"Ashe ke ce! Kin san saboda ke kakata ta kulle ni a ɗakin ajiya yini guda? Ina ɗan shekara takwas na cinye mata alawar wake, na ce iska ce ta sure."

"To ai ga dama ta samu, Likita. Rama da injinka."

Ya zaunar da ita. Ta kira Kuwabara a waya ta aje a kan ƙirjinta don ya ji. Likita ya ɗan kankare, ta ce "Sam-sam."

"Ɓera ne wannan," in ji Kuwabara. "A ƙara."

Aka ƙara. Ta ce "Sam-sam."

"Ya kusa. Kamar kaurin gashi ɗaya."

"Malam, haƙori ne, ba rediyo ba!" Likita ya faɗa yana share gumi, amma ya sunkuya ya ƙara.

A karo na huɗu fiton ya fito siriri, daidai da na da. Ta cikin wayar suka jiyo Hatsue na ihu. Likita ya zauna a kujerarsa ya roƙi a maimaita masa sau ɗaya, shi kaɗai, ba don aiki ba.

Kafin la'asar an gama ɗaukar shirin. Labarin ya kai kunnen marubutan fim ɗin, bayan wata uku aka nuna Mochibei ya je wurin likitan haƙori. Washegari Tsujimoto ya bugo wa Shizue waya, ransa a ɓace. Ba ya ƙorafin an sa shi a fim. Abin da yake so a yi masa bayani shi ne dalilin da ya sa aka zana shi kada, kuma mai sanƙo.