Riguna Masu Gaba Babu Baya

Shafin saƙa na mahaifiyata ya cika shekara ashirin a intanet, ta kuwa zauna ta rubuta dogon bayani, wai waiwaye. Ina kwance na karanta shi a waya, jaririyata na barci a gefena, ko cibiyarta ba ta faɗi ba. Mama ta ce saƙa ta koya mata haƙuri. Ta ce sanyi bai taɓa samun 'yarta ba, domin hannun uwa ya tare shi tun daga bakin ƙofa. A ƙasa mata sun yi layi suna zuba albarka, wata har da rantsuwa ta yi hawaye. Ni dariya ce ta kama ni, sai da na dafe mara.

Ni ce 'yar. Mabiyanta sun san ni da 'Yar Lele, sun ga girmana hoto bayan hoto, kullum cikin sabuwar suwaita. Kallon kitse suka yi ta yi wa rogo.

A falonmu akwai wata kusurwa kusa da taga. Farin labule, kujerar katako, kwandon ulu, da tukunyar fure wadda furen ma na roba ne. Wannan kusurwa ita ce gidanmu a idon duniya. Taku kaɗan daga nan wanki ne jibge, da kwanonin jiya, da Baba yana neman wurin ajiye ƙafa.

Ga yadda ake aikin. Mama takan saƙa gaban riga da hannu ɗaya, shi ke nan. Baya, a cewarta, maimaici ne, hannu na biyu kuma ɓata lokaci, mabiya ba sa jira. Sai ta ɗora min gaban a ƙirji, ta kama shi da fil a jikin singiletina ta baya, ta tsayar da ni a karkace. Hannuna mara riga yakan ɓuya a bayan kujera, kuma yana da aiki: shi ke riƙe dunƙulen ulun, domin Mama ba ta yanke zare. Ana gama hoto sai ta zauna ta ja bakin zaren, rigar ta riƙa narkewa layi-layi tana komawa dunƙule. Ta jiƙa shi, ta shanya ya miƙe. Shuɗin ulu guda ya yi suwaita, ya yi hula, ya yi mayafin wuya, duk an tafa masa kamar ba a taɓa ganinsa ba.

Makaranta kuwa da suwaitar kasuwa nake zuwa, wadda Baba ya sayo, mai ƙaiƙayi a wuya. Wata malamarmu da ke bin shafin ta taɓa tambayata ina kyawawan rigunan nan. Da na faɗa wa Mama, ta ce idan an sake tambaya in ce adana su nake yi.

Su mabiyan ma ban san wanda ya fi ba ni haushi ba, su ko ita. Mace za ta bi bayanin Mama tiryan-tiryan, ta zo baya ta ga bai haɗu da gaba ba, don Mama daga ka take rubuta lissafin bayan, ba ta taɓa gwada shi ba. Sai ta rubuto cikin ladabi tana tambaya. Mama ta amsa mata cewa tana jan zare da ƙarfi, ta sassauta hannu, saƙa ba ta son gaggawa. Matar ta dawo tana ba da haƙuri, har da godiya. Shekara ashirin ana wannan, ba a samu ko ɗaya da ta ce a juya yarinyar nan mu ga bayanta ba.

Sau ɗaya na roƙa. Wata riga ce ruwan ɗorawa mai 'yan agwagi a ƙirji, ina ƙarama, na ce Mama ki ƙarasa min wannan. Ta ce gobe. Da safe na tarar da agwagin a kwando, sun zama dunƙule. Ban sake roƙo ba, kuma ban manta ba.

Abin da ya tsayar min da dariya a rubutun nata shi ne layin ƙarshe. Ta yi wa mabiya albishir cewa sabon babi na tafe, Allah ya ba ta jika. Na ce wa maigidana ya zama shaida, babu mai soka fil a bayan 'yata, ko da kuwa wadda ta haife ni ce. Ya ce in bi a hankali, uwa uwa ce. Shi suwaitarsa ta yarinta tana da baya, ba zai gane ba.

Washegari da la'asar sai ga ta, da babbar jakarta, farin labulen nan a ninke a hammata. Ta yi min sannu a gurguje, idonta na kan taga tana auna haske. Sannan ta zaro wata 'yar riga ruwan ɗorawa ta miƙo min.

Ban ko dubi gaban ba, na juya ta. Tana da baya. Na ɗaga, hannu biyu. Na sake juyawa kamar mai duba jabun kaya, ban ga fil ba, ban ga rami ba. Gaskiya har na ji kunyar abin da na faɗa wa maigida. Da hannuna na sa wa yarinyar, na ɓalla mata maɓallan.

Ina gyara mata gindin rigar yatsana ya ji shi. Siririn zare ya fito daga gefe, ya bi ta kan zanen gado, ya sauka, ya shige jakar Mama. Hali zanen dutse.

"Mama, wannan fa?"

"Au, bar shi, zan tura shi ƙarƙashin bargo, ba zai fito a hoto ba."

"Bayan hoton fa?"

Ta ce jarirai ba sa daɗewa a kaya, kafin wata ya zagayo yarinyar ta fi ƙarfin rigar, ga shi ulun mai kyau ne, irinsa ya yi wuya yanzu. Tana magana tana goge gilashin waya da gefen mayafi.

Almakashin yankan farcen jaririya na kan durowa. Na ɗauka, na kama zaren, na datse. Ɗan ƙaran da ya yi bai kai na karyewar tsinke ba, amma Mama ta zabura kamar ita na yanka. Ta jawo dunƙulen daga jaka ta riƙe, tana kallon guntun da ke reto. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi.

"In kika bar shi haka warwarewa zai yi," ta ce a hankali. "Miƙo min ita."

Ta ɗora jikarta a cinya, ta nemo allura, ta shiga tura bakin zaren cikin saƙar. Ta sha koya wa mata yadda ake wannan a shafinta, da hotuna da komai, amma ranar na fara ganin ta yi shi a jikin rigar da mutum zai sa. Sai da ta zare ta sake. Labulen yana ninke inda ta ajiye shi.

Ba zan ce ta shiryu ba. Kafin ta tafi sai da ta ɗau hoton jikar cikin rigar, washegari kuma mabiya suka karanta cewa haka ta yi wa 'Yar Lele tun tana zanen goyo, suka sake zubar da hawayensu masu araha.

Amma rigar tana nan a gidana. Hannun hagu ya fi na dama tsawo, sai na naɗe shi, domin gwanar ba ta saba kaiwa ga na biyu ba. Duk sanda na ɗauki yarinyar, tafina yakan sauka a bayanta, a kan ulu mai ɗumi. Da girmana, da 'yata a hannu, kishin jaririya nake yi.