Igiyar Shanyar Umma

Ranar da Falwaya ya fara zuwa cibiyar horar da 'yan ƙwallon kwando, sai da ya tsaya a bakin ƙofa ya duba ƙasan takalminsa. Daɓen wurin katako ne, ya sha goga har yana ɗaukar ido. Kwanduna ta ko'ina, kowanne da sabuwar raga. Ga wani inji a ƙarƙashin kwando, kana jefa ƙwallo zai cafe ya tofo maka ita a ƙirji, ba sai ka bi ta da gudu ka tsamo ta daga kwata ba. A kowace kusurwa kuma kyamara ta zuba maka ido.

'Yan layinsu ne suka sa masa Falwaya saboda tsayi, sunan ya bi shi. Gwaji aka kira shi, shi da samari da yawa, kuma tun ranar farko Koci ya faɗa musu gaskiya: kaɗan za a riƙe su buga wa cibiyar, sauran kowa ya kama gabansa. Falwaya ya san inda gabansa yake. Umma wanki da guga take yi wa mutane, kuma tun da ya bar makaranta teburin guga ya zama nasa.

Gudu dai ba a magana, tsalle kuwa kamar an ɗaura masa sifirin ɗin mota a ƙafa. Matsalar ɗaya ce, sunanta Bango. Wani ƙato ne mai tsaron baya, faɗinsa kamar ƙofar gareji. Duk sanda Falwaya ya jefa, sai Bango ya miƙa hannu ya kaɗe ƙwallon kamar mai korar ƙuda.

"Kai, ka bari na huta mana," in ji Bango yana dariya. "Kullum a tafin hannuna kake ajiye ta. Ni na ce maka ina so?"

Koci ya kira Falwaya gaban wani babban allo. Kyamara ta ɗauki jifansa, na'ura ta zana hanyar da ƙwallon ta bi da jan layi. Kusa da shi ga koren layi, ya hau sama ya lanƙwaso kamar bakan gizo.

"Koren nan shi muke so," in ji Koci. "Dubi naka. Ƙwallo kake jefawa ko jifan mangwaro?"

Jan layin a miƙe yake ɗoɗar.

"Amma tana shiga, Koci."

"Tana shiga in babu kowa a gabanka. Hannunka lafiya, ƙafarka lafiya, idonka ma lafiya. Amma kana zuwa sakin ƙwallo sai ka duƙar da kai ka danne ta, kamar akwai abin da kake tsoro a sama. Me ke sama?"

Falwaya ya ɗaga kai. Rufin wurin ko tsuntsu sai ya yi da gaske kafin ya kai.

"Babu komai, Koci."

"To ka nemo shi. In ranar zaɓe ta zo da wannan jan layin, ba zan iya riƙe ka ba, kuma zan ji haushi."

Ya tura masa bidiyon a waya.

Da yamma Falwaya na zaune a tsakar gida kan bokitin da aka kife, yana ta maimaita bidiyon, ran nan a jagule. Yayarsa ta zo wucewa da kwandon kaya a ƙugu, ta leƙa ta kafaɗarsa. Ta kalla sau ɗaya, ta ce ya mayar. Sai ta dire kwandon ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Umma! Umma, zo ki ga ɗanki yana kauce wa igiyarki a wurin da babu igiya!"

Falwaya ya ɗaga ido. Ga su nan kuwa, igiyoyin shanya sun ratsa tsakar gidan daga bango zuwa bango, sun yi nauyi da kayan mutane. Can a jikin bango ga bakin tsohon bokitin ƙarfe da ya cire wa gindi ya kafa da ƙusa tun yana ƙarami. A nan ya koyi jifa. Dokar Umma kuwa ɗaya ce: ƙwallo ta taɓa farin kaya, kai za ka sake wanke kayan igiyar gaba ɗaya. Sai hannunsa ya koyi bi ta ƙasa, shi bai ma sani ba.

Umma ta fito tana goge kumfa a zani. Ta kalli wayar ta taɓe baki.

"To ai tarbiyya ce. Laifi ne?"

Washegari, da ƙyar Falwaya ya iya gaya wa Koci, yana sosa ƙeya. Koci ya yi dariya har usur ɗinsa ya faɗi.

"Madalla! Yanzu mun san da wa muke faɗa."

Ya sa aka kawo dogayen sanduna biyu, aka ɗaura igiya a tsakani, tsakanin Falwaya da kwando. Ya ce ta sama za a bi. Falwaya ya jefa. Ƙwallo ta bi ta ƙasa sumul. Ya sake, ta ƙasa. Ganin igiyar ma sai ya ƙara danne hannun.

Koci ya shafa gemu. "Igiya babu kaya ba za ta isa ba. Mai igiyar za ta yarda ta zo?"

Umma ta zo, Yaya na biye da ita. Ta tsaya a bakin katakon ta ƙare masa kallo, ta tambayi wa ke goge shi, ta ce Allah ya yi masa albarka. Sannan ta buɗe jaka ta zaro farin zanen gado, fari ƙal, ta yarfa shi a kan igiyar, ta kama shi da 'yan maƙalan shanya. Zanen ya sauko ya toshe ƙasa gaba ɗaya. Ko kwandon Falwaya ba ya gani, sai saman allonsa.

Umma ta koma gefe ta harɗe hannu.

"Na mutane ne. Ka taɓa shi ka gani."

Duk 'yan wasan suka bar abin da suke yi. Ƙasa babu hanya, tsakiya akwai Umma. Falwaya ya lanƙwasa gwiwa, ya saki ƙwallon sama da dukkan tsoron da ya tara tun yarinta.

Ta tashi, ta haye zanen, ta ɓace a bayansa. Sai aka ji raga ta ce fat. Allon na'ura ya kawo koren layi.

Wurin ya kaure da ihu. Bango ya kwanta a ƙasa yana dukan katako.

"Koci, a ɗauki Umma aiki!"

"Ina da aikina," in ji Umma. "Zanen dai aro ne."

Ba a nan aka gama ba. Kullum sai an shanya zanen, inji na tofo ƙwallo, Falwaya na jefawa, kyamara na faɗin gaskiya. Wata rana kore, wata rana ja. Kafaɗarsa ta yi tsami, aka tsoma shi a bahon ƙanƙara yana kiran Umma da ƙarfi. A hankali Koci ya naɗe zanen ya bar igiya, daga baya igiyar ma ya kwance.

Ranar zaɓe aka raba su biyu, aka ba ɓangaren Bango fararen riguna. Ana dab da tashi ƙwallo ta zo hannun Falwaya. Bango ya taso, ya buɗe hannuwa, farar rigar nan ta cika masa ido. Falwaya bai ga mutum ba, shanya ya gani. Ƙwallon ta wuce saman yatsun Bango, ta lanƙwaso, ta faɗa raga ko ƙarfen kwandon ba ta taɓa ba.

Bango ya bi ta da kallo. "Kai, wannan ai cin amana ne."

Koci bai jira an gama kiran sunaye ba. Ya dafa kafaɗar Falwaya ya ce gobe ya zo da wuri, akwai rigar da za a gwada masa.

Da gudu ya shiga gida, zanen a naɗe a hammata. Umma ta karɓa, ta ware shi a rana, ta duba wannan gefe, ta juya wancan. Ko ɗigo babu. Ta ninke shi a hankali, bakinta ya ƙi rufuwa.

"To," ta ce wa Yaya, "teburin guga ya zama naki."

"Ni? Umma, ni fa na gano abin!"

"Shi ya sa. Kina da ido."